HC-SR04: wata huɗu ina fama da ita a bakin tankin ruwa

Ranar da na fara haɗa HC-SR04, na'urar auna tazara da sauti, da allon Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni, a kan tebur, minti goma bai cika ba lambobi suka fara zubowa a kwamfuta: 42, 42, 43, 42. Na ɗauko tef ɗin awo na gwada tsakanin fuskar na'urar da bangon da take kallo, santimita 42 cif. Na sa littafi a gabanta, lamba ta sauka. Na janye, ta hau. Na ji daɗi ƙwarai, don buƙatata ba mai yawa ba ce. So nake in san ruwan da ya rage a tankin da ke bisa rufi ba tare da na hau tsani ba, injin ruwa ya tashi da kansa idan ruwa ya yi ƙasa, ya mutu idan ya cika. Bayan kwana uku na kai ta bakin tankin na ɗaure a jikin murfi, sai ga abin da ta koma ba ni: 31, 31, 187, 655, 655, 31. Zurfin tankin gaba ɗaya, daga murfi zuwa gindi, santimita 150 ne.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, ɗan allo ne shuɗi, tsawonsa santimita 4.5, faɗinsa 2, da wasu gwangwanaye biyu a gaba masu kama da idanu. Ba idanu ba ne. Ɗaya baki ne, ɗaya kunne. Wanda aka rubuta T a gefensa shi ke yin kuwwa, wanda aka rubuta R shi ke saurare. Ƙafafunta huɗu: VCC da GND na wuta, Trig da Echo na magana da allon da ke juya ta. Bolt 5 take ci, kuma abin da take ja bai wuce miliamfa 15 ba lokacin aiki. Idan ka ɗaga ƙafar Trig, wato ka ba ta wuta, na tsawon maikurosakan 10 (maikurosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), sai bakin ya saki sauti sau takwas a jere, sautin da ke kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen 20,000, shi ya sa ba ka jin komai. Daga nan ƙafar Echo ta tashi ta tsaya a sama, ba za ta sauko ba sai amsa-kuwwa ta dawo. Tsawon lokacin da ta yi a sama, a maikurosakan, ka raba da 58, ka sami tazara a santimita. Takardar bayaninta ta ce tana auna daga santimita 2 zuwa 400.

Abin da ya ɗauke ni mako guda kafin ya zauna mini a kai shi ne wannan: ƙafar Echo ba ta faɗa maka ƙarfin amsar da ta dawo. Ko dai bolt 5 ko sifili, babu tsaka-tsaki. Na yi kwanaki ina sa mitar auna wuta a kan ƙafar ina neman in ga ko siginar ta yi rauni, alhali ba a nan raunin yake faruwa ba. A cikin allon yake faruwa, tun kafin maganar ta iso ƙafar. Sautin yana fita, yana bazuwa, iska tana cinye wani sashe, abin da ya buga yana haɗiye wani, ragowar ta juyo ta sake bazuwa a hanyar dawowa. Ɗan abin da ya isa kunnen kan zama wuta ƙanƙanuwa ƙwarai, sai wata aisi, wato ɗan baƙin ƙwayar lantarki mai ƙafafu da yawa, da ke bayan allon, LM324 ce a kan nawa, ta ƙara mata ƙarfi, sannan a gwada ta da wani mizani. Ta haye mizanin, an ji. Ba ta haye ba, kamar ba a yi ba. Don haka sigina mai rauni ba ta zuwa maka da kamannin rauni. Zuwa take a matsayin lamba ta hauka, ko sifili, ko lamba mai tsalle. Wancan 655 da nake ta gani ba tazara ba ce. Na'urar ce ta jira har wajen milisakan 38 ba ta ji komai ba ta haƙura ta sauke ƙafar, ni kuma kod ɗina, wato umarnin da na rubuta wa allon, ya raba maikurosakan 38,000 ɗin da 58 ya kawo mini amsa da gaskiyarsa.

Wannan lambar ce ta jawo mini ɓarnar farko. A lissafin da na rubuta, tazara mai yawa na nufin ruwa ya yi ƙasa. Tanki na dab da cika, na'ura ta ce 655, injin ya tashi, kafin in ankara ruwa na kwarara ta bakin murfi yana bin bango. Raina ya ɓaci, na sauko da ita da niyyar jefarwa. Da na sake ɗora ta a kan tebur kuwa, sai ta ci gaba da ba ni awo daidai kamar ranar farko. Nan jikina ya yi sanyi, na san akwai abin da ya bambanta tebur da rufi, kuma shi zan nema.

Wuta na fara dubawa, kuma da ita nake ba kowa shawarar ya fara. A kan tebur, kwamfuta ce ke ciyar da allon ta wayar USB. A rufi kuwa, da yake gwaji nake, batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 na maƙala. Na cire shi na auna shi kaɗai, mita ta nuna 8.4, ka ce lafiyarsa lau. Na mayar da shi, allo na aiki, ɗan gilashin nuna lamba na kunne, rilen, wato makunnin da ke tayar da injin, ya kama, na sake aunawa: 6.1. Na kai tsinken mitar kan ƙafar VCC ta na'urar, 4.3. Allon Uno yana son bolt 7 zuwa 12 ta ƙofar da batirin ke shiga, domin abin da ke sauke wutar zuwa 5 yana buƙatar rara a samansa, in babu rarar sai biyar ɗin ta faɗi. Rilen kaɗai yana jan kusan miliamfa 70, kuma irin wannan batiri ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba. Allon kansa bai nuna wata damuwa ba, fitilarsa na ci, kod na tafiya, shi ya sa ban zargi wuta ba tun farko. Amma bakin na'urar da wutar da aka ba shi yake kuwwa. An rage masa, muryarsa ta ragu. Abin da ke kusa yana jin sa, abin da ya wuce mita ɗaya kuwa amsarsa ba ta haye mizanin.

Na kawo adafta ta bolt 9 mai amfa ɗaya. Sannan na ɗauko kafasita biyu, masu ajiye ɗan wuta don hana ta rawa, ɗaya maikurofarad 100, ɗaya ƙarama mai lamba 104 a jiki, wato nanofarad 100, na liƙa su da dalma tsakanin VCC da GND a jikin na'urar kanta, ba can wajen allon ba. Wurin yana da muhimmanci, domin a ƙarshen doguwar waya ne wuta ke rawa duk lokacin da wani abu ya fizge ta. Babbar tana da gaba da baya, ƙafar da ke gefen ratsin ita ke zuwa GND, a kula da wannan. Kafin in sa su, duk sanda rile ya yi ƙas, karatu biyu ko uku na gaba sai su lalace. Bayan na sa su hakan bai sake faruwa ba.

Wayoyin ma sai da na sake su. Da farko irin ƙananan wayoyin nan masu tsinke a kai na jojjona har suka kai rufi, kowace gaɓa na naɗe da salatef. Na kama ɗaya na girgiza ina kallon lambobi, suna tsalle tare da hannuna. Na cire su duka na ja wayar intanet guda mai tsawon mita 6, wadda ke da igiyoyi takwas murɗaɗɗu biyu-biyu. Echo da GND a murɗi ɗaya, Trig da GND a wani, igiya biyu na haɗa wa VCC, kowane kai na liƙa da dalma. Na kuma raba hanyarta da ta wayar injin ruwa, don a baya tare na ɗaure su a jikin bututu ɗaya.

Bayan duk wannan, 655 ya ragu amma bai tafi ba, 31 kuwa yana nan daram. Sai na bar rufin na koma ɗaki, na ce bari in san halin na'urar nan tukuna. Na shimfiɗa tef a ƙasa, na ɗora ta a kan kujera, na yi yamma guda ina sa mata abubuwa a gaba. Bangon siminti, tana kallonsa kai tsaye, ta ba ni awo mai kyau har santimita 340, daga nan ta fara yin shiru jefi-jefi. Littafi mai bangon kwali, ta bi shi har wajen 150. Tawul da na ninka huɗu, daga 60 ya ɓace mata. Sandar mofa a tsaye, ta gan ta a 80, ta rasa ta a 120. Na tsaya da kaina sanye da rigar sanyi, a mita biyu tana gani na tana rasa ni. Takardar bayanin ta faɗi wannan, sai dai a layin da ba kowa ke kaiwa gare shi ba: abin da za a auna kada faɗinsa ya gaza rabin murabba'in mita, kuma ya zama shafaffe. Santimita 400 ɗin da ake tallata ta da shi, na babban bango ne mai tauri. Ba ƙarya aka yi ba, amma wanda ya saye ta don ta hango mutum ko kujera mai katifa daga mita huɗu zai sha mamaki.

Gwajin da ya buɗe mini ido shi ne na katako. Na riƙe wani faffaɗan katako a santimita 140, tana karanta shi lafiya. Na ɗan karkata shi kaɗan, kaɗan fa, sai lamba ta ɓace. Na mayar, ta dawo. Na maimaita ya fi sau goma ina kallo. Dalilin shi ne tsawon kaɗawa ɗaya ta wannan sauti bai wuce milimita 8.6 ba, don haka duk abin da kaushinsa bai kai haka ba, a wurinta madubi ne. Madubi kuwa ba ya mayar maka da haske sai ka fuskance shi sosai. Fuskar ruwa a kwance ta fi kowane katako santsi. Na hau rufi na duba murfin tankin da kyau, ashe ba shafaffe ba ne, yana da ɗan tudu a tsakiya, ni kuma a gangarensa na huda. Na'urar a karkace take da abin da ya kai digiri 10. Idan ruwa yana santimita 140 a ƙasa, wannan karkata kaɗai ta isa ta sa tsakiyar amsar ta dawo kusan rabin mita nesa da kunnen. Gefen sautin kawai ke isa gare shi, shi ya sa in tanki ya kusa cika take ji sau da yawa, in ya yi ƙasa ta kurmance. Wancan 187 kuma sautin ne ya bugi ruwa, ya bugi jikin tanki, sannan ya dawo ta doguwar hanya.

Shi kuwa 31, bututun da ke shigo da ruwa ne. Gwiwarsa ta leƙo ciki, nisanta da na'urar santimita 31 daidai da na auna. Sautin ba kamar tsinken haske yake fita ba, buɗewa yake kamar mazurari, takarda ta ce digiri 15, wanda a mita ɗaya da rabi ya kai faɗin santimita 40 ko fiye. Kuma na'urar amsar farko da ta haye mizani take ɗauka, ba ruwanta da cewa kai ruwa kake nufi. Roba mai tauri a kusa ta fi ruwa mai nisa murya. Na toshe tsohon ramin, na huda sabo a tsakiyar murfin, nesa da bututu da jikin tanki. Na yanka ɗan katako na yi mata mazauni, na ɗora awon magina mai kumfar ruwa ina cusa 'yan zobban ƙarfen da ake sa wa noti a ƙarƙashi har kumfar ta tsaya tsakiya ta kowane ɓangare. Wani abu kuma da na lura a nan: a hudar farko gwangwanayen sun nutse cikin kaurin murfin, a ta biyu na bar su suka leƙo waje sosai. In sun nutse, sauti na iya bugun leɓen ramin ya faɗa kunnen nan take, sai ka ga tana ta ba ka santimita 2 ko 3 ba ta motsi.

Ranar na zauna a gaban kwamfuta ina kallon 118, 118, 119, 118 na tsawon rabin awa. Na hau na zura sanda na auna, 118 ne.

Kod ɗin ma yana da nasa laifin. Tsakanin kira da kira milisakan 20 na bari, alhali takarda ta ce a bar 60 ko fiye. A fili wannan ba ya cika nunawa, amma rufaffen tanki kamar ganga yake, sauti na daɗewa yana kai da kawowa a ciki, sai amsar kiran baya ta shigo a matsayin amsar na yanzu. Ruwan tanki ba gudu yake ba, don haka na mai da shi rabin daƙiƙa. Umarnin pulseIn kuma, mai auna lokacin da Echo ta yi a sama, in ba ka sa masa iyaka ba, daƙiƙa guda cur yake jira. Na sa masa 30,000, tunda ko mita huɗu ma maikurosakan 23,200 ne zuwa da dawowa, don haka in babu amsa sifili yake ba ni. Sannan na rubuta doka wadda na ɗauka ta fi duk sauran gyaran muhimmanci: duk karatun da ya zo sifili ko ya wuce zurfin tankin, a watsar, kuma in aka jera biyar haka, a kashe injin a kunna jar fitila. Rashin ji ba ya nufin tanki ya cika, ba ya nufin ya ƙare.

A ƙarshe ne na sa tacewa, wato a ɗauki karatu bakwai, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a riƙe na tsakiya. Laburaren NewPing, wato shiryayyen kod da ake ƙara wa Arduino, yana da wannan a shirye da sunan ping_median. Yana taimakawa sosai lokacin da injin ke zuba ruwa, fuskar ruwan na tangal-tangal tana watsa sautin ko'ina. Amma ina roƙon duk mai irin wannan matsala kada ya fara da shi. Da na sa shi tun ranar farko, da ya ɓoye mini mataccen batiri da karkataccen murfi, lambobi su yi kyau na ɗan lokaci, ciwon na nan a ƙasa.

Akwai wani ɗan kuskure da ba na rauni ba ne amma za ka gamu da shi. Lambar 58 ɗin nan ta iska mai zafin digiri 20 ce, inda sauti ke tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ƙara masa wajen mita 0.6. Iskar da ke ƙarƙashin murfin da rana ta doka tana iya kai digiri 40, sauti ya koma wajen 355, sai santimita 150 ta fito maka 145 da ɗoriya. A tankin ruwa ban damu da wannan ba. Wanda ke son awo na ƙwaƙƙwafi sai ya ƙara na'urar auna zafi ya gyara lissafin.

Yanzu maganar ingancin kayan. Guda biyar na saya a ƙunshi ɗaya, kuma ya kamata a san cewa HC-SR04 ba kamfani ɗaya ke yin ta ba, masana'antu da yawa ne ke buga ta da suna ɗaya, abin da ke bayan allon ma ba iri ɗaya ba ne. Da na gama gano sauran matsalolin sai na jera biyar ɗin na gwada su a bango ɗaya, waya ɗaya, wuta ɗaya. Uku sun kai tsakanin 320 da 340. Ɗaya ba ta wuce 90, duk yadda na yi da ita. Na kara kunnena a bakinta, na kara a bakin mai lafiya: mai lafiyar tana wani ɗan ƙas-ƙas siriri duk lokacin da ta yi kira, ita kuwa da ƙyar ake jin nata. Ta biyar tana auna daidai, amma in ka juya ta sama inda babu abin da zai mayar da amsa, sai ƙafar Echo ta maƙale a sama ta ƙi saukowa, sai an cire mata wuta an mayar. Wannan ya dame ni fiye da ta 90 ɗin, don ita raunin nata a bayyane yake, wannan kuwa sai ranar da amsa ta ɓace za ka san halinta. Shi ya sa ban ga hikimar sayen guda ɗaya tak ba. In ba ka da ta biyu da za ka musanya, ba ka da hanyar raba laifin na'ura da laifin haɗinka cikin sauƙi.

Wani abokina da ya ga tawa ta zauna ya haɗa tasa da wani allo mai suna ESP32, ya kira ni yana cewa ba ta wuce taku biyu. Da na je na tarar ya ba ta wuta daga ƙafar bolt 3.3, don yana tsoron kada biyar ta ƙona masa allo. Tsoronsa na kan hanya, domin ƙafafun ESP32 na 3.3 ne, amma maganin ba shi ne a yunwatar da na'urar ba. Muka mayar da VCC ɗinta kan bolt 5, muka sa resista biyu, masu rage wuta, a hanyar Echo, mai om 1,000 daga Echo zuwa ƙafar allon, mai 2,000 daga nan zuwa GND, biyar ta sauko 3.3. Trig ba ya buƙatar komai, 3.3 ta ishe shi. Nan take ta kai bangon ƙarshen ɗakin. Akwai irin da aka yi don ta yi aiki da 3.3 kai tsaye, ana rubuta mata HC-SR04P, mai irin wannan allo ita ya kamata ya nema.

Na so a ce labarin tankin ya tsaya a 118 ɗin nan. Mako biyu tana aiki babu ko tari. A na uku sai na fara tashi da safe in tarar da jar fitila, zuwa hantsi kuma ta koma daidai da kanta. Kwana huɗu a jere haka. Ruwa ba ya tsami banza, don haka ranar ta biyar na hau tun rana ba ta fito ba na ɗaga murfin. Cikinsa duk ya jiƙe da raɓa, kuma a kan ragar gwangwanayen biyu ga ɗigon ruwa nan sun yi jere, wani ya cika rami guda na ragar ya toshe shi. Tururin da ya tashi da rana shi ke komawa ruwa da dare a jikin duk abin da ya yi sanyi. Ɗan faifan da ke kaɗawa a cikin gwangwanin siriri ne, ɗigo ɗaya ya ishe shi nauyi. Na goge, na busar, ta dawo. Na shafe bayan allon da man kare danshi, amma gaban ba ya shafuwa, don in ka rufe ragar ka toshe baki da kunne. Cikin mako na biyar ƙafafun suka yi tsatsa kore-kore, tazarar da take kaiwa ta riƙa raguwa kullum, har ta tsaya a wajen 70.

Ba zan ɗora mata laifin wannan ba. Ba wanda ya ce mini tana jure ruwa, buɗaɗɗen allo ne kowa na gani. Amma tunda auna ruwan tanki na cikin ayyukan da aka fi saya mata, gara a faɗa a fili: ba wurinta ba ne. Na maye gurbinta da JSN-SR04T, wadda kanta a rufe yake ruf kamar na'urar gargaɗin da ke bayan mota, da waya mai tsawon kusan mita biyu da rabi, allon kuma ya zauna a busasshen akwati. Ƙafafu huɗun iri ɗaya ne, kod ɗin ma bai sauya ba, sai dai na tsawaita kiran Trig zuwa maikurosakan 20 kafin ta riƙa amsawa kowane lokaci. Ita ma da nata sharaɗin. Kai ɗaya ne ke kuwwa yake saurare, dole sai ya gama rawa kafin ya ji, don haka duk abin da ya matso ƙasa da santimita 20 zuwa 25 ba ta ganinsa, sai da na ɗaga ta sama da iyakar cikar ruwan. Sautinta kuma ya fi buɗewa, har gwiwar bututun nan ta so ta dawo, na yanke ta na gajarta.

HC-SR04 kuwa ban rabu da ita ba, kuma zan sake saye. A busasshen wuri, da bolt 5 tsayayye, tana kallon abu mai tauri kai tsaye a cikin mita biyu, ban taɓa kama ta da kuskuren da ya wuce santimita ɗaya ba. Ga mai koyo ban san abin da ya fi ta ba, domin duk abin da ta yi kana iya bin sawunsa da tef da mita har ka gane dalili. Ɗaya daga cikin masu lafiyar yanzu tana jikin bangon gareji, tana kunna fitila idan gaban mota ya matso santimita 50, wata biyu ke nan ba ta yi kuskure ba. Sauran ukun suna cikin aljihun tebur, kowace na rubuta mata iyakarta a baya da alƙalami mai kauri: ɗaya 330, ɗaya 90, ɗaya kuma na rubuta mata "tana maƙalewa".